ƊAN SANDA MA MA'AIKACI NE: HAKKINSA A GABAN KOTU DA DIYYAR RAUNINSA

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa ba safai ake ambaton ɗan sanda da kotu tare ba, sai fa idan shi ne ya gurfanar da wani, ko kuwa wani ya kai ƙararsa. Da wuya a ji ana zancen ɗan sanda a matsayin mai neman hakkinsa a gaban alƙali. Manufar wannan maƙala ita ce ta jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wannan ɓangare da aka yi wa shakulatin ɓangaro, watau matsayin ɗan sanda a dokar ƙasa idan ya ji rauni ko ya rasa ransa a bakin aiki, da kuma abin da kotuna suka faɗa game da hakkokinsa. Ra'ayina shi ne, ɗan sanda ma'aikaci ne kamar malamin makaranta da leburan masaƙa, diyyar rauninsa kuwa bashi ce a kan hukuma, kuma jama'a ce ke asara duk lokacin da aka hana shi.

Zan ɗauko misalai daga yankinmu na kudancin Jihar Jigawa, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, domin a nan ne al'amarin ya taɓa mu kai tsaye. A cikin watan Afrilu na 2014 wasu 'yan bindiga suka afka wa garin Gwaram da dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda 7. Kafin wannan, ranar 20 ga Janairu 2012, an kai wa birnin Kano hare-haren da suka ci rayuka kimanin 185, ofisoshin 'yan sanda kuwa su ne kan gaba cikin wuraren da aka nufa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mamata ɗan wani gida ne, kuma da yawa daga cikin samarin da ke shiga kurtu daga ƙauyuka irin Yalwan Damai suke fitowa, inda albashin mutum guda ke riƙe da iyaye da mata da ƙanne.

Asalin Matsalar

Kafin zuwan Turawa dogarai ne ke tsare doka a ƙasar Hausa, kuma dogari bawan sarki ne ko baransa, cinsa da suturarsa da jinyarsa duk suna wuyan fada. A can Ikko kuwa, a 1863 Baturen mulki Glover ya kafa wata runduna ta Hausawa, wadda tana cikin tushen sojan Nijeriya da 'yan sandanta. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Kudu da na Arewa suka zama rundunar ƙasa guda, amma En'e-En'e suka ci gaba da riƙe 'yan dokarsu har ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin da gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan tarayya. Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne, tun farko an gina aikin ne bisa tsarin soja, na bin umurni ba tambaya. Abin da aka ba ɗan sanda alheri ne na ubangida, abin da aka hana shi kuwa sai haƙuri.

Wannan tunani ya shiga cikin dokokinmu. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta tsara sha'anin albashi da hutu da sallamar ma'aikata, ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi soja da 'yan sanda ba. Haka kuma sashe na 11 na Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ya haramta wa 'yan sanda kafa ƙungiya ko shiga wata. Saboda haka idan an danne hakkin malamin asibiti ƙungiyarsa za ta tsaya masa, amma idan an danne na kofur ba shi da wurin kai kuka sai wajen wanda ya danne shi. Da tura ta kai bango, a farkon Fabrairu 2002, ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki kan bashin albashi da alawus. Gwamnatin Obasanjo ta kira abin tawaye, ta fito da soja su tsare muhimman wurare, ba a jima ba kuma aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith.

Abin da Kotuna Suka Faɗa

Tun da an rufe ƙofar ƙungiya, kotu ce kaɗai ta rage. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 2011, ya ƙara sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron dukkan ƙararrakin da suka shafi aiki da albashi da lafiyar ma'aikaci. Daga nan ne aka fara ganin 'yan sanda suna shigar da ƙarar shugabanninsu, suna kuma yin nasara.

Alal misali, akwai ƙa'ida ta 124 a cikin ƙa'idojin rundunar, wadda ta tilasta wa 'yar sanda neman izinin kwamishina a rubuce kafin ta yi aure, har a binciki mijin da za ta aura, alhali ba a ɗora wa namiji haka ba. A 2012 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta soke wannan ƙa'ida, ta ce ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Har ila yau akwai ƙa'ida ta 127, wadda ta ce a kori 'yar sandan da ta yi ciki ba aure. A kanta aka kori wata 'yar sanda a Jihar Ekiti a 2021. Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta goyi bayan ƙa'idar a 2022, amma a Janairu 2023 Kotun Ma'aikata da ke Akure ta ce ƙa'idar haramtacciya ce, ta ba matar diyyar naira miliyan 5, sa'an nan a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ta. Mai karatu na iya cewa addininmu da al'adarmu ba su yarda da abin da matar ta yi ba. Gaskiya ne. Amma hujjar kotu ita ce, ƙa'idar ta hukunta mace ta ƙyale namijin da ya aikata irin wannan abu, kuma babu ma'aunin adalci da ya yarda da haka. Darasin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, kotuna sun tabbatar cewa sanya kaki ba ya tuɓe wa mutum hakkinsa na ɗan ƙasa.

To, amma Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Akwai wani hafsan ɗan sanda da aka yi wa ritayar dole a 1992. Sai a 2011 Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin a mayar da shi. Shekara 11 bayan haka ba a aiwatar ba, har a Nuwamba 2022 kotun ta yanke wa Sufeto Janar na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata 3 saboda raina umurninta, ko da yake ta janye wannan ɗauri a watan Disamba. Watau mutum ya shafe shekara 30 yana bin hakkinsa. Idan hafsa mai ilmi da lauya ya sha wannan wuya, ina ga kurtun da ke tsaron shinge a Babaldu? Daɗin daɗawa, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan wanda ya ci shari'a sai da yardar Antoni Janar, wanda shi ne babban lauyan gwamnatin da aka kayar. Duk wannan kuwa yana faruwa ne alhali sashe na 287 na tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin kotu.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010

A ƙarshen 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Sashe na 3 na wannan doka ya ware soja kaɗai daga cikinta, bai ambaci 'yan sanda ba. Tun da tsarin mulki ya kafa 'yan sanda a sashe na 214, ya kafa soja dabam a sashe na 217, kuma tun da mun ga Dokar Ƙwadago ta kira sunan 'yan sanda ƙarara lokacin da ta so ware su, a fahimtata babu wata hujjar da za a ce dokar 2010 ba ta haɗa da su ba.

Ga kaɗan daga abin da ta tanada. Mai ba da aiki, har da gwamnati, shi zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, kuma haramun ne a yanke wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ba a bukatar ma'aikaci ya tabbatar cewa sakacin ubangidansa ne ya jawo raunin. Ya isa a ce a bakin aiki ya same shi, ko a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida. Wanda ya naƙasa har ba ya iya aiki za a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Idan ya mutu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, su ma kashi 90 za su riƙa samu, idan ɗa ɗaya ne kashi 85. Dokar ta haɗa da kuɗin jinya, da cutar da aiki ya jawo, da kurumcewa, har ma da taɓuwar hankali sakamakon wani mummunan abin da mutum ya gani a wurin aiki. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana iya neman ta sake dubawa, daga nan ya wuce Kotun Ma'aikata.

Amma dokar tana da wa'adi. Dole ne ma'aikaci ko magajinsa ya sanar da mai ba da aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. A nan ne gizo ke saƙar. Mu ƙaddara wani saje ne mota ta buge a shingen bincike a kan hanyar Kano zuwa Bauchi, aka kwantar da shi a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ya cika a can. Matarsa za ta koma ƙauye ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. Kwana 14 ɗin nan za su wuce tana karɓar gaisuwa. Ba ta jin Turanci, dokar kuwa da Turanci aka rubuta ta, Kotun Ma'aikata tana zama a Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Ko da akwai sassauci ga mai uzuri, wa zai gaya mata? Hakkin da mai shi bai san da shi ba, hukuma ba ta jin nauyin riƙe shi.

Ban da wannan akwai inshorar rai da Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta, wadda ba za ta kasa ninki 3 na albashin shekara ba. Yadda ake biyan ta ya isa ishara. A farkon 2023 rundunar ta raba fiye da naira biliyan 13 ga iyalan 'yan sanda sama da 6,000 da suka mutu tsakanin 2012 da 2020. An yi bikin rabon kamar kyauta ce aka yi, alhali bashi ne da wasu marayu suka jira har shekara 10. Jaririn da aka bari a goye ya isa shiga aji huɗu kafin kuɗin ubansa su fito, darajar naira kuwa ta riga ta zube. Sai mu tuna kuma da wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda da aka samu da laifin sama da faɗi da biliyoyin naira, amma a 2013 kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta gyara hukuncin, ta ɗaure shi shekara 6, ta ce ya mayar da naira biliyan 22.9.

Hujjojin Masu Suka

Na san akwai masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, watau ɗan sanda ya san haɗarin aikin kafin ya karɓi kaki. Amsata ita ce, ladan ne ake magana a kai. Direban tanka ma ya san haɗarin hanya, mai haƙar ma'adinai ya san rami na ruftawa, amma ba wanda ya ce sanin nan ya soke diyyarsu. An ƙirƙiro dokar diyya ne musamman saboda ayyuka masu haɗari. Mu kuwa da muka tashi da karatun Risala ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ƙayyade wa rauni kima: ran mutum raƙuma 100, hannu ɗaya rabin haka, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Al'ummar da ta san arashin haƙori tun ƙarnuka da yawa ba ta da uzurin yin shiru a kan ƙafar da aka yanke wa mai gadinta.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa, yaya za a tausaya wa mutanen da ke karɓar na goro a hanya, suna tsare talaka ba dalili, wani lokaci har su kashe shi a hannunsu? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ya haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoba 2020. Ko a Ingila irin wannan tunani ya yi tasiri. Bayan turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, wanda sakacin shugabannin 'yan sanda ya jawo, wasu 'yan sandan da suka yi aikin ceto sun nemi diyyar taɓuwar hankali, amma a 1998 kotun ƙolin ƙasar ta hana su, daga cikin dalilanta har da cewa ba daidai ba ne a biya su bayan an hana dangin mamatan. Ni a ganina gyaran irin wannan rashin daidaito shi ne a biya duk wanda aka cuta, ɗan sanda ne ko farar hula. Abin sha'awa kuma, su kansu matasan EndSARS sun sanya ƙarin albashin 'yan sanda cikin bukatunsu guda 5, domin sun gane inda ciwon yake. A cikin tarzomar da ta biyo baya, rundunar ta ce an kashe mata jami'ai 22.

Ya kamata mu tambayi kanmu irin tarbiyyar da hukuma ke yi wa kurtu. Yana ganin abokin aikinsa da aka harba yana sayar da gona don ya biya kuɗin magani. Yana ganin matar marigayi tana zarya daga Gwaram zuwa Dutse, daga Dutse zuwa Abuja, da fayil a hannu. Yana ganin shugabanninsa sun yi biris da hukuncin kotu shekara da shekaru. Wanda ya ga haka zai kammala cewa tanadin gobensa yana kan titi, kuma umurnin alƙali abin wasa ne. Ranar da 'yan fashi suka tare hanyar kasuwa, zai auna ransa da abin da zai bar wa 'ya'yansa, sa'an nan ya yanke shawarar ko ya tsaya ko ya ja da baya. Wannan ba ya wanke mai cin hanci daga laifinsa, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarwari

Da farko, ya kamata Majalisar Tarayya ta rubuta ƙarara a cikin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 cewa Dokar Diyyar Ma'aikata ta shafe su, a kuma wajabta wa rundunar bayyana wa jama'a kowace shekara abin da ta zuba a asusun, da yawan waɗanda suka ji rauni, da yawan waɗanda aka biya. Nauyin kai rahoto kuwa a ɗora shi kacokan a kan baturen 'yan sandan yankin, kada a bar shi a wuyan majinyaci ko mai takaba.

Na biyu, a gyara sashe na 84 ɗin nan, aƙalla a kan kuɗin albashi da fansho da diyyar rauni, yadda wanda ya ci shari'a ba zai koma roƙon wanda ya kayar ba. Shugaban da ya ƙi bin hukunci kuwa a tuhume shi shi da kansa.

Na uku, a ba ƙananan 'yan sanda bakin magana. Ba lalle ne a ba su damar yajin aiki ba. Bayan yajin da 'yan sandan Ingila suka yi a 1918 da 1919, gwamnatin ƙasar ta hana su shiga ƙungiyar ƙwadago, amma a cikin dokar 1919 ta kafa musu tarayya ta kansu, wadda har yau take tsaya musu kan albashi, take kuma ɗaukar musu lauya. A Afirka ta Kudu 'yan sanda suna da ƙungiyoyinsu, ɗaya daga ciki tun 1989 aka kafa ta. Yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wannan al'amari da kanta, saboda haka zaɓi ne muka yi, kuma muna iya sake shi.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe. Muna koyon fassara, muna jayayya kan ƙirƙirar kalmomi, amma dokar da ta shafi rayuwar dubban masu jin Hausa tana nan a kulle cikin Turancin lauyoyi. Me zai hana ɗaliban ajin ƙarshe su ɗauki muhimman sassan wannan doka su fassara su a matsayin kundin digirinsu, tare da taimakon 'yan'uwanmu na tsangayar shari'a? Taƙaitaccen bayani mai shafi biyu, da boko da ajami, wanda za a liƙa a ofishin 'yan sanda da ƙofar asibiti, a kuma karanta a gidan rediyon Jigawa, zai amfani leburan kamfani da ma'aikacin ƙaramar hukuma kamar yadda zai amfani ɗan sanda. Dagatai da limamai, waɗanda su ne ke fara zuwa gidan rasuwa, su ne suka fi dacewa su san zancen kwana 14 ɗin nan.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa tsarin mulki da dokar 2010 sun ba ɗan sanda hakki, kotuna kuma sun tabbatar da wani ɓangare nasa, amma jinkiri da raina hukunci da rashin sani sun hana shi isa hannun masu shi. Muna da cikakken iko mu nemi a hukunta ɗan sandan da ya ci zalin talaka, kuma lalle mu ci gaba da nema. Da wannan murya ɗaya ya kamata mu nemi a biya wanda aka raunata yana tsaron kasuwarmu, domin doka ɗaya ce ke kare mu da shi. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan yankin Birnin Kudu da Gwaram, za su ɗauki zancen fassarar nan da muhimmanci tun daga wannan zangon karatu.